Ina Ne Iyakar Bakin Malamin Makaranta?

Malamin Lissafi, Gombe:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini rai, ina roƙon manyanmu da suka riga mu shiga aikin nan su sa baki. Wani abokin aikinmu a wata sakandaren jeka-ka-dawo, ba zan ambaci sunanta ba, ya ɗauki hoton ajin da iska ta yaye wa kwano tun farkon damina ya sa a Facebook. Abin da ya rubuta kawai shi ne yara sun koma gindin darbejiya, da hadari ya haɗu sai a tashe su. Bai zagi kowa ba, bai kira sunan wani mai muƙami ba. Mako bai zagayo ba aka miƙa masa takardar neman bahasi, wai ya fitar da maganar aiki waje ba da izini ba, yanzu kuma ana raɗe-raɗin za a cilla shi wani ƙauye mai nisa.

Ni a cikin aji na yarda malami ba shi da damar faɗin duk abin da ya zo bakinsa. Yaran nan amana ce, ba su suka zaɓe mu ba, kuma ba su da ikon tashi su fita idan maganarmu ba ta yi musu ba. Amma da na fita ƙofar makaranta, ni ɗan ƙasa ne kamar kowa, 'ya'yana ma a irin waɗannan azuzuwan suke zama. Me ya sa mai sayar da kati a bakin titi zai iya cewa rufin makarantar unguwarsu ya yaye, ni da nake tsayawa a ƙarƙashin rufin ba zan iya ba?

Tsohon Firinsifal:
Wa alaikumus salam. Malam, na ji zafin da ke cikin maganarka, amma bari in faɗa maka yadda aikin gwamnati yake. Ranar da ka karɓi takardar ɗaukar aiki, da sharuɗɗanta ka karɓe ta. Dokokin aikin gwamnati sun hana ma'aikaci kai maganar ofis ga 'yan jarida ko bainar jama'a sai da izinin na gaba da shi. Akwai hanya: ka gaya wa shugaban makaranta, shi ya rubuta wa ofishin shiyya, daga can ta wuce ma'aikata. Idan firamare ce, hedimasta ya kai wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, shi kuma ya kai hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB. In kowane malami zai zama kakakin makarantarsa, babu shugaban da zai iya riƙe ma'aikata ko na wata guda. Shi abokin naka ya bi wannan hanyar kafin ya ɗora hoton?

Malamin Lissafi, Gombe:
Allah ya ƙara maka lafiya Baba. An bi. Shugaban makarantar da kansa ya rubuta, kwamitin al'umma mai kula da makarantar, wato SBMC, ma sun rubuta. Shiru kake ji. Abin da ya fi ba ni takaici, hoton na fita aka turo masu duba aikin. Takardar ba ta motsa kowa ba, hoton ya motsa su, sannan aka juyo kan wanda ya ɗauki hoton.

Tsohon Firinsifal:
To in haka ne an zalunce shi a wajen hukunci. Amma dokar tana nan, ban janye ba.

Barista:
Baba, da izininka zan ɗan yi gyara, domin ana yawan karanta dokar nan rabi a bar rabi. Sashe na 39 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane mutum 'yancin faɗin albarkacin bakinsa, da karɓar bayani, da isar da shi ga wasu. Gaskiya ne ƙaramin sashe na 3 na wannan sashen ya yarda a yi dokar da za ta taƙaita bakin masu riƙe da muƙamin gwamnati da sojoji da 'yan sanda, haka kuma sashe na 45 ya yarda a taƙaita saboda tsaro, zaman lafiya, tarbiyyar jama'a, lafiyarsu, ko kare haƙƙin wasu. Sai dai duka wuraren biyu an gindaya sharaɗi: dole taƙaitawar ta zama wadda za a iya kare ta da hujja a ƙasar da ke bin dimokuraɗiyya. Ba kowace takarda da wani darakta ya sa wa hannu ce take cika wannan sharaɗin ba.

Sai mu tambaya, wane sirrin gwamnati ne a rufin da duk mai wucewa a kan babur yake gani? Da ya fitar da takardun jarrabawa kafin lokaci, ko sakamakon wani yaro, ko bayanin rashin lafiyar ɗaliba, wannan laifi ne babba, ni ma ba zan tsaya masa ba. Ban da haka, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, a sashe na 27, ta ba da kariya ga ma'aikacin da ya bayyana abin da ya yi imani yana nuna almubazzaranci da dukiyar jama'a, ko cin amanar ofis, ko haɗari ga lafiya da rayukan mutane. Aji marar rufi da bangonsa ya sha ruwa haɗari ne ga yara ko ba haɗari ba?

Ba mu kaɗai muka taɓa wannan gardamar ba. A Amurka wani malamin sakandare a jihar Illinois, Marvin Pickering, ya rubuta wasiƙa a jarida yana sukar yadda hukumar makarantu ke kashe kuɗi, aka kore shi. A 1968 Kotun Ƙolinsu ta ce korar ba ta halatta ba, domin magana ce da ta shafi jama'a, kuma malamai sun fi kowa sanin inda kuɗin makaranta ya kamata ya tafi. Hukuncinsu ba ya aiki a kotunanmu, amma hujjar da suka kafa ba ta da ƙasa.

Maman Ɗalibai Uku:
Barista, duk na ji, kuma ina tausaya wa wannan malamin. Amma tunda an buɗe maganar, ku bari mu iyaye mu faɗi namu. Ku malamai idan kuna zancen 'yancin magana, kullum gwamnati kuke kallo. Mu kuma abin da yaranmu ke kwasowa daga bakinku muke kallo.

Lokacin zaɓen 2023 'yata ta dawo gida tana ce mini malaminsu ya ce su gaya wa iyayensu duk wanda ya zaɓi wane ba ya ƙaunar talaka. Yarinyar da ko katin zaɓe ba ta isa yi ba. Darasin kimiyya aka tura ta ta koya. Wani kuma a darasin addini ya tsaya gaban yara ya ce abin da ake yi a gidajen wasunsu bidi'a ce, iyayensu ɓatattu ne. A aji ɗaya akwai ɗan gidan Izala, akwai ɗan gidan Tijjaniyya, akwai ɗan gidan Ƙadiriyya, akwai wanda ma ba Musulmi ba ne. Yaro ya dawo yana yi wa kakarsa kallon 'yar wuta, wa zai gyara wannan ɓarnar? Ban ma zo kan masu kiran yaro jaki ko daƙiƙi a gaban 'yan ajinsu ba, da masu ɗaukar bidiyon yaron da ya kasa karatu su watsa a TikTok mutane na dariya. Wannan ma 'yancin magana ne?

Malamar Turanci:
Hajiya, wallahi kin faɗi gaskiya, musamman maganar bidiyon nan. Yaron da aka yi wa dariya a duniya saboda ya kasa haɗa baƙi, ba zai sake ɗaga hannu a aji ba har ya gama makaranta. Wanda ya yi haka ya cancanci takardar bahasi, ba mai hoton rufi ba.

Malamin Lissafi, Gombe:
Hajiya, ai a nan ba mu da saɓani ko kaɗan. Abin da nake kuka da shi shi ne an juya abin. Inda ya kamata a ja wa malami burki, wato cikin aji, gaban yaran da ba za su iya kare kansu ba, ba mai leƙowa. Mai duba makarantu zai zo ya duba rajista da littafin shirin darasi ya tafi, bai taɓa tambayar yara me ake faɗa musu ba. Inda kuma ya kamata a sakar wa malami mara, wato idan ya yi magana a matsayin ɗan ƙasa a kan albashi ko kujeru ko ƙarin girman da aka riƙe, nan ne ake da idanu da kunnuwa. Dokar ba yara take karewa ba a yadda ake aiki da ita, manya take karewa daga jin kunya.

Malam Daga Billiri:
Ina gaishe ku duka. Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba, domin abin da zan faɗa mai nauyi ne, ina roƙon a karɓe shi da kyakkyawar niyya. Kuna ta maganar takardar bahasi da canjin wurin aiki. Ga wasunmu, waɗannan ƙananan abubuwa ne. Iyakar da ta fi kame bakinmu ba a rubuce take ba, tsoro ne.

Duk malamin da ya kai shekara ashirin a aikin nan a jihar nan yana tuna watan Maris na 2007, lokacin da aka kashe wata malama a sakandaren Gandu a cikin garin Gombe tana tsaron jarrabawa, bayan an zarge ta da wulaƙanta Alƙur'ani. Shekara guda kafin nan, a Fabrairun 2006, rikicin da ya ci rayuka a Bauchi daga irin wannan zargin ya taso a wata makaranta. A 2022 kuma kowa ya ji abin da ya faru da ɗaliba a kwalejin ilimi ta Shehu Shagari a Sakkwato. Ni ina koyar da ilimin zamantakewa. Akwai darussan da suke cikin manhaja, kamar bambancin addinai da al'adun aure, da nake bi ta kansu da gudu, in rubuta a allo su kwafa, ba na barin tambaya. Ba don ina da niyyar cin mutuncin addinin kowa ba, Allah ya sani. Ina tsoron kalma ɗaya da yaro zai ji ba daidai ba ya fita da ita waje, kafin a tambaye ni me na ce, an riga an taru. Na san abokan aikina Musulmi da ke koyarwa a wuraren da su ne 'yan tsiraru, su ma haka suke taka-tsantsan.

Malamin Addinin Musulunci:
Ɗan'uwa, na gode da ka faɗi wannan a fili. Ni Musulmi ne, abin da nake koyarwa ke nan, kuma ina faɗa da babbar murya: babu inda shari'a ta ba ɗalibai ko taron jama'a ikon yanke wa mutum hukunci. Zargi yana buƙatar shaidu, yana buƙatar alƙali, yana buƙatar a ji ta bakin wanda ake zargi. Abin da ya faru a Gandu kisan kai ne, kuma abin kunya ne a ce yaran da aka tura neman ilimi ne suka aikata. A ɗaya ɓangaren, ina roƙon kowane malami, ko wane addini yake bi, ya san cewa abin da mutane suke girmamawa ba wurin gwada kaifin baki ba ne. Ba a zolaya da Annabawa, ba a zolaya da littattafai masu tsarki, a aji ko a waya. Wannan iyakar ni ban ɗauke ta takura ba.

Maganar Hajiya kuma ta taɓa mu kai tsaye. Manhajar darasin addini ba ta ce ka koyar da ƙungiyarka ba. Tsarki, salla, azumi, tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kyawawan halaye, waɗannan sun ishe ka shekara shida ba ka taɓa iyayen kowa ba. Mai son wa'azin ƙungiya ga masallaci nan, ga Islamiyya, inda wanda ya zo da ƙafarsa ya zo.

Barista:
In ƙara a kan ta Malam, sashe na 38 ƙaramin sashe na 2 ya ce ba za a tilasta wa ɗalibi karɓar darasin addini ko shiga ibadar da ba ta addininsa ba, ko wadda iyayensa ba su amince da ita ba. Wannan ya hau kan malamin lissafin da ke mayar da darasinsa wa'azi, Musulmi ne ko Kirista.

Mai Kula da Zaure:
Jama'a, an shiga wuri mai santsi kuma kowa ya yi magana da ladabi, Allah ya saka. A ci gaba a haka. Duk wanda ya turo zagi ko hoton wani zan goge.

Malamin Tarihi, Bauchi:
Ni abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda muke magana kamar malami mai faɗin ra'ayinsa baƙon abu ne a ƙasar nan. Ku zo Bauchi ku tambayi tarihi. A farkon shekarun 1940 Abubakar Tafawa Balewa malami ne a makarantar Midil ta Bauchi, har ya zama shugabanta. Malam Aminu Kano a nan ya fara koyarwa bayan ya gama kwalejin Kaduna. Su da Malam Sa'adu Zungur suka riƙa zama a zauren tattaunawar nan na Bauchi, ana muhawara a kan mulkin En'e da halin da talaka yake ciki, a gaban Turawan mulki da manyan gari. Da tambayoyin suka fara zafi aka rufe zauren, suka sake kafa wata ƙungiyar ta neman ci gaban Bauchi. Malam Aminu shi ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948. Daga baya aka mayar da shi kwalejin horon malamai ta Maru a lardin Sakkwato, a 1950 ya ajiye aikin ya shiga siyasa gadan-gadan. Wato cilla malami nesa don bakinsa ya yi kaifi ba yau aka fara ba.

Yau jami'ar jiha da ke Gaɗau sunan Sa'adu Zungur take ɗauke da shi, ta tarayya da ke Bauchi sunan Tafawa Balewa, filin jirgin Kano sunan Malam Aminu. Muna sa yara su haddace sunayensu, amma malamin da ya yi kashi ɗaya cikin ɗari na abin da suka yi sai mu ce ya fita daga layi.

A zamanin soja ma haka. Gwamnatin Babangida ta zargi malaman jami'a da koyar da abin da ba a biya su su koyar ba. A 1988 aka kama Dokta Patrick Wilmot na jami'ar Ahmadu Bello aka fitar da shi daga ƙasar, a shekarar kuma aka haramta ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU. Dokta Yusufu Bala Usman an sallame shi a 1989, kotu ta mayar da shi. A mulkin farar hula, malamai 49 na jami'ar Ilorin da aka kora a 2001 sai a 2009 Kotun Ƙoli ta mayar da su bakin aiki. Waɗannan manyan malamai ne masu ƙungiya mai ƙarfi da lauyoyi, suka yi shekara takwas suna jira. Ina ga malamin firamare da albashinsa ke ƙarewa kafin goma ga wata?

Tsohon Firinsifal:
Malam, tarihin da ka kawo daidai ne, amma ka lura da abu biyu. Su Malam Aminu manya suke yi wa magana a zauren manya, da hujja, suna kallon idon wanda suke suka. Kuma da ya ga siyasa ce hanyarsa, ya ajiye alli ya tafi. Bai riƙa karɓar albashin koyarwa yana yi wa jam'iyya yaƙin neman zaɓe a ofishin malamai ba. Na biyu, malamin jami'a da ɗan shekara ashirin da biyar yake magana, wanda zai iya ce masa ban yarda ba. Kai kuma ɗan shekara goma sha biyu ne a gabanka, duk abin da ka faɗa a wurinsa karatu ne.

Malamin Tarihi, Bauchi:
Na karɓi ta biyun, Baba. Ta farkon kuwa, shekarun da ya yi yana sukar En'e ai yana kan aikin koyarwa ne, bai jira ya ajiye ba.

Ɗan Kumo:
Tambaya nake da ita ga Barista. Malamin gwamnati zai iya yankar katin jam'iyya ko a'a? An ce mana haramun ne.

Barista:
A shari'ar INEC da Balarabe Musa a 2003, Kotun Ƙoli ta soke tanadin da ya hana ma'aikacin gwamnati zama ɗan jam'iyya, ta ce ya saɓa wa sashe na 40 da ya ba kowa 'yancin shiga ƙungiya. Amma dokokin aiki har yanzu suna lissafa tsunduma cikin siyasar jam'iyya a matsayin babban laifi, shi ya sa ake ta ja-in-ja. Abin da ba a gardama a kansa: in za ka tsaya takara, tsarin mulki ya ce ka ajiye aiki aƙalla kwana 30 kafin ranar zaɓe. Shawarata, ra'ayinka naka ne, amma kada ka shigar da shi aji, kada ka yi amfani da yara ko kayan makaranta.

Sannan ku kula da abin da kuke rubutawa a waya. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 an sha kama mutane da shi saboda rubutu a Facebook. Kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa 'yancin magana, an kuma yi masa gyara a 2024 an rage faɗinsa, amma dokar ɓata suna tana nan. Ka ce rufi ya yaye, gaskiya ce da ido ke gani. Ka ce wane ya cinye kuɗin rufin, to ka tanadi takardun da za ka nuna wa alƙali.

Ɗan Kumo:
To ai a nan gizo ke saƙar. Muna da abokan aiki da shafinsu cike yake da hoton masu mulki, suna yabo safe da yamma, har da hular jam'iyya a ranar aiki. Ban taɓa jin an ba ɗayansu takarda ba, wasu ma ƙarin girma suke samu. Idan gwamnati ta canza, sai waɗanda suke shiru su fara yabo, masu yabon da su koma ɓuya. In dokar hana siyasa ce, ta hau kan mai yabo kamar yadda ta hau kan mai suka. In kuwa mai suka kaɗai take kamawa, a daina kiranta dokar aiki.

Malamar Makarantar Kuɗi:
Ku na gwamnati ku gode wa Allah, ku ana ba ku takarda ku amsa. Mu a makarantun kuɗi da baki ake sallamar mutum. Uba ɗaya mai kuɗi ya kira mai makaranta ya ce malama ta yi wa ɗansa faɗa, ko ta rubuta a rahoton ƙarshen zango cewa yaron ba ya ƙoƙari, gobe sai ki tarar da wata a ajinki. Akwai inda ake hana mu gaya wa iyaye gaskiyar matakin karatun 'ya'yansu don kada su cire su. Akwai inda malami ya ga ana shirya satar amsa a WAEC ko NECO, ya san in ya buɗe baki aikinsa ya tafi. Yawancinmu ko takardar ɗaukar aiki ba mu da ita, balle mu je kotu da ita.

Wakilin Ƙungiyar Malamai:
Malama, abin da kika faɗa ne ya fi damuna a duk zaren nan, domin shirun da ake sa ku yi kai tsaye yara yake cutarwa. Ƙungiyarmu ta malamai, NUT, tun 1931 take, amma ƙarfinta a makarantun gwamnati yake, wannan gaskiya ce. Hukumar rajistar malamai ta TRCN, da aka kafa da dokar 1993, ita ta shafi kowa, na gwamnati da na kuɗi. Tana da kundin ɗa'ar malamai da kwamitin bincike da na ladabtarwa. Da ana aiki da su yadda ya kamata, malamin da ya ci mutuncin yaro ko ya mayar da aji dandalin siyasa can za a kai shi, abokan sana'arsa su auna shi da ƙa'idar sana'a, ba wani mai muƙami da aka ɓata wa rai ya yanke hukunci shi kaɗai ba. Rikicin kora ko dakatarwa kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke saurarensa.

Ga duk wanda aka ba takardar bahasi: kada ka ƙi amsawa, kada ka wuce wa'adin da aka ba ka, kada ka amsa cikin fushi. Kawo wa reshen ƙungiya na ƙaramar hukumarka a duba kafin ka miƙa, ka riƙe kwafi. Abin da ya shafi albashi da ƙarin girma da kuɗin hutu kuma ku bari ya fito da sunan ƙungiya, domin ba a yi wa ƙungiya canjin wurin aiki.

Wani abu kuma da ke ƙona mini rai shi ne mayar da ƙauye wurin horo. Yaran Dukku da Nafada da Shongom me suka yi da za a riƙa tura musu malami don an yi fushi da shi? Wanda ya je da baƙin ciki ba zai koyar da zuciya ɗaya ba, kuma an nuna wa mutanen wurin yadda aka ɗauke su.

Maman Ɗalibai Uku:
To mu iyaye ina za mu kai kuka idan malami ya wuce gona da iri? Ba kowa ya san wata TRCN ba.

Wakilin Ƙungiyar Malamai:
Hajiya, fara da shugaban makaranta, ke da shi, ba a gaban yara ba. In bai yi komai ba, ga shugaban PTA da na SBMC. Abin da nake roƙo kawai, kada maganar da yaro ya kawo gida ta fara sauka a zauren WhatsApp na unguwa kafin a ji ta bakin malamin. Abin da ɗan'uwanmu na Billiri yake tsoro daga nan yake farawa.

Sabuwar Malama, Bauchi:
Iyayena da yayyena, ni ban daɗe da fara aiki ba, an ba ni tarihi a ƙaramar sakandare tunda an dawo da shi manhaja. Mun kai yara ziyara kabarin Tafawa Balewa, da muka dawo wani yaro ya tambaye ni su waye suka kashe shi, kuma me ya sa. Kafin in amsa wani ya ce ai ƙabila kaza ce. A ajin akwai yara Igbo guda biyu da aka haifa a nan Bauchi, na ga yadda suka sunkuyar da kai. Na ce za mu yi maganar a darasi na gaba. Me zan ce musu?

Tsohon Firinsifal:
'Yata, ki tsaya a kan abin da ke cikin littafin da aka amince da shi. Kada ki ƙara, kada ki rage.

Malamin Tarihi, Bauchi:
Baba, littafin layi biyu ya yi a kan maganar, yaran kuma sun riga sun ji sauran a gida da waya, sun ji shi a karkace. In ta yi shiru, amsar yaron nan na biyu ce za ta zauna.

Ƙanwata, ki faɗa musu abin da ya tabbata. Ranar 15 ga Janairun 1966 wasu hafsoshin soja suka yi yunƙurin juyin mulki. Aka kashe Firayim Minista Tafawa Balewa, da Sardauna Ahmadu Bello a Kaduna, da Akintola firimiyan Yamma a Ibadan, da ministan kuɗi Okotie-Eboh, da manyan sojoji irin su Birgediya Maimalari. Ki kira waɗanda suka yi da sunansu, irin su Manjo Nzeogwu da Manjo Ifeajuna, sojoji ne masu suna, ba ƙabila ce ta taru ta yi ba. Ki gaya musu cikin waɗanda aka kashe a daren akwai Laftanar Kanar Unegbe, shi ma Igbo ne. Sannan kada ki tsaya a nan. Ki faɗa musu a watan Yulin shekarar an yi juyin mulki na biyu aka kashe shugaban ƙasa na soja Janar Ironsi da gwamnan soja na Yamma Fajuyi, an kuma kashe dubban 'yan Gabas da ba su ji ba ba su gani ba a garuruwan Arewa, daga nan aka shiga yaƙin basasa daga 1967 zuwa Janairun 1970. Ra'ayinki a kan wa ya fi wa laifi ki bar shi a gida. In wani ya sake cewa ƙabila kaza, ki tambaye shi ko yaran nan biyu da ke zaune kusa da shi an haife su a 1966.

Ki rubuta duk wannan a littafin shirin darasinki, ki kai wa shugaban sashe ya sa hannu kafin ki shiga ajin.

Tsohon Firinsifal:
Maganar sa hannun nan ita ce daidai. In shugaban sashen ya yi nauyin hannu, ki wuce wurin mataimakin shugaban makaranta mai kula da karatu, kada ki shiga da shi ba sa hannun kowa.

Sabuwar Malama, Bauchi:
Na gode Baba, na gode Malam. Ranar Talata ne darasin, yau da dare zan rubuta in kai musu gobe da safe.